Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Uba Sani: a shata wa masu haƙar ma'adinai iyaka da ruwanmu

Assalamu alaikum mai girma Gwamna, ranka ya daɗe.

Maganar ma'adinai ce ta sa na ɗauki waya nake rubuto maka, don yanzu ko ina ka zauna a Kaduna zancen kenan, zinare a Birnin Gwari, nikel da aka ce an gano a Dangoma tun 2016, ga kuma litiyom da kowa ke rububinsa. Ba wanda ya ƙi arziki wallahi, yaranmu na neman aikin yi. Amma ban ji ana zancen ruwan da za a wanke ƙasar da shi ba, da inda dauɗar za ta gangara bayan an gama.

A Amurka, jihar Minesota, akwai wani daji da ake kira Boundary Waters, tafkuna sama da 1,000 a ciki, mafi yawansu an hana jirgi mai inji shiga, sai dai kwale-kwale da filafili, in tafki ya ƙare ka saɓa jirginka a kafaɗa ka taka zuwa na gaba. Da wani kamfani ya zo zai haƙi tagulla da nikel a gefensa, wasu mata da miji, Amy da Dave Freeman, suka shiga dajin nan a 2015 suka yi shekara cur ba su fito ba, da zafi suna tuƙa kwale-kwale, da ruwan ya daskare suka koma jan kaya da karnuka, suna gwada ruwan tafkunan suna nuna wa duniya. Tsoronsu shi ne irin dutsen da ake fasawa ɗin in ya haɗu da iska da ruwa asid yake fitarwa, kuma tafkunan a haɗe suke, in guba ta shiga ɗaya ta shiga saura. A 2023 gwamnatinsu ta hana ba da sabon izinin haƙa na shekara 20 a fili mai eka sama da 225,000.

Mu kam ba ma sai mun je Amurka ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma cikin gida, wani lokacin ma da injin da ake niƙa hatsi. 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Neja, nan maƙwabtanmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai ka san sauran.

Na san za a ce lasisi na Abuja ne, toh gaskiya ne, amma dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa ƙasar jiha, ranka ya daɗe kana da ta cewa. Roƙona a fito da taswira tun kafin a raba sauran wuraren, a ce nan da nan ba a haƙa ba a wanki, kewayen dam ɗin Kangimi da garin Kaduna ke dogaro da shi da rani, bakin kogin Kaduna da rafukan da ke zuba a cikinsa, sai dajin Kamuku. Kogin nan fa bai tsaya a kanmu ba, yana wucewa Shiroro har ya faɗa kogin Kwara.

Kuma dan Allah in za a kafa kwamiti kar a cika shi da 'yan ofis kaɗai. A kira Sarkin Ruwa da masunta da masu fito da 'yan noman rani, su ne kullum a kan ruwan, mutumin da ke jefa birgi da asuba shi zai fara ganin ruwa ya canza kala ko karfasa ta taso ciki a sama, tun kafin wani ya kai kwalba ɗakin gwaji. A ba su lambar da za su kira, kuma in sun kira a samu mai ɗauka.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
wani talakanka daga Kabala, Kaduna