Zuwa ga Abba, kan maganar yarinyar nan

Abba ya karatu, ya Ƙaura. Na kira wayarka baka ɗaga ba shiyasa na zauna na rubuto, dan Allah ka karanta har ƙarshe.

Mamanka ta faɗa min abinda kace, wai tunda an ba mai kuɗi yarinyar nan to kaima sai ka nuna musu, wai hotunanta da duk hirar da kukayi suna cikin wayarka kuma ranar ɗaurin aure zaka watsa su a WhatsApp. Wallahi hankalina ya tashi. Bazan ce maka ba'a cuce ka ba, an cuce ka, ni da kaina naje gaisuwa gidansu da kawunka aka shimfiɗa mana tabarma akace an bamu, yau kuma magana ta canza saboda wani yazo da mota. Da ciwo.

Amma akwai littafin nan Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito daga Zariya tun shekarun 1930 zamanin su Ruwan Bagaja, a makaranta muka karanta shi kuma tunda naji maganarka shi ke ta yawo a kaina. Abubakar na son Zainab, sai Malam Shaihu attajirin garin wanda Allah bai ba haihuwa ba yasa dukiya ya aure ta. To ka duba da kyau, shi Malam Shaihu ɗa yake nema ido rufe, ko a jikinsa wa za'a taka kafin ya samu. Ya kuwa samu, shine yaron da ake kira Kyauta.

Inda nake so ka tsaya shine kan Abubakar, dan shi mai karatu ke tausayawa da farko. Ya bar gari ya shiga duniya neman asirin da zai rama dashi, kuma da ya samo ba'a kan wanda ya cuce shi ya sauke ba, kan yaron ya sauke, yaron da baisan hawa ba baisan sauka ba, ko haifarsa ba'ayi ba lokacin da akayi rigimar. Kyauta ya tashi ɓarawo ya zubar da mutuncin gidansu, har takai ya kashe ubansa bai sani ba. Kuma ɗan wa aka lalata? Ɗan Zainab, wadda Abubakar ke cewa yana so kamar ransa. Ni dai nan ne na daina ganin so a lamarinsa, kansa kawai yake kallo, an wulaƙanta ni, an raina ni, shikenan, hawayenta basu cikin lissafi.

Kai ma ka tambayi kanka tsakani da Allah, in ka saki hotunan nan wa zai sha kunya? Alhajin ba abinda zai same shi, gobe ma sai ya nemi wata. Ita ce za'a riƙa nunawa da baki a gidan biki, da mahaifiyarta wadda suke zuwa Islamiyya ɗaya da mamanka tun kafin a haife ka, ga ƙannenka mata da suma watarana za'a zo tambaya a kansu. Yarinyar nan amana ta baka lokacin da ta turo maka su, bata turo dan su zama makami ba.

Ka goge su yau, harda wanda ka turawa abokinka ya ajiye maka, nasan halinku. In zuciya ta ciyo ka kayi alwala ka kira ni ko ƙarfe nawa ne. Juma'a ka taho Gusau muyi magana baki da baki, na tura maka kuɗin mota, kuma ka fito da safe, kada ka yarda la'asar ta same ka kan hanya.

Babanka.