Koke Kan Shawarar Biya wa Yara Kuɗin Makarantun Kuɗi Daga Asusun Gwamnati

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, mu iyayen yara da 'yan kwamitin kula da makarantun firamare da tsofaffin malamai na wannan gunduma ne muke kawo kukanmu. Ana ta tattauna shawarar a riƙa ba yaro kati ya kai makarantar kuɗi, gwamnati ta biya masa. Roƙonmu ka isar wa Shugaban Ƙaramar Hukuma da Sakataren Ilimi cewa kada a taɓa kuɗin firamaren gwamnati don wannan.

Katin kuɗin zango kaɗai yake biya. Yunifom, littattafai, kuɗin jarrabawa, na taron iyaye da malamai, da na motar kai yaro da ɗauko shi duk suna wuyan uba. Mai iya waɗannan dama ɗansa yana can, tallafin ragi ne kawai ya samu. Ɗan mai tura baro yana nan inda yake. Su kuma masu makarantun, da zarar sun ji gwamnati ce mai biya sai su ƙara kuɗi, ko su sa jarrabawar shiga su tsince masu ƙoƙari. Ƙasar Chile ta fara wannan tsari a 1981, sai da ta yi doka a 2015 ta hana makarantun da ke cin tallafi neman riba, da tace ɗalibai, da karɓar ciko a hannun iyaye.

Ga lissafi a misali. A ce zango naira 20,000 ne, yara 500. Zango 3 a shekara, miliyan 30 ke nan, kuma yaron da aka ɗauka a aji 1 sai an biya masa zango 18 kafin ya gama. Firamaren da yaran suka baro kuwa ba abin da ya ragu a kuɗinta: ajin yara 80 in 10 suka fita, albashin malami ɗaya ne, kwanon da iska ta yaye yana nan a yaye. Bakin biya ya zama biyu, asusu ɗaya. Ranar da kuɗin gwamnati ya makara, kuma yakan makara, mai makaranta zai koro yaron a tsakiyar zango, ya dawo ajin da ya bari ya tarar an wuce shi.

Makarantun kuɗi ma a cikin gari suke, bakin kwalta. Ƙauyukanmu da rugage ba su da ko ɗaya.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta ne kuma dole. Ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Tarayya, amma jiha ba ta cin kuɗin gine-gine sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. A nan ya kamata a matsa. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami 1 ga yara 35. Ranka ya daɗe, leƙa aji 1 a kowace firamarenmu da ƙarfe 9 na safe: yara a ƙasa, gwiwa kan gwiwa, na baya ba ya hangen allo.

Muna roƙon a fara da rufin azuzuwa kafin damina, da benci, da banɗakin 'yan mata, da ɗaukar malamai masu takardar shaidar malanta ta NCE. In kuma hukuma ta dage sai an yi katin, to a ware masa kuɗi daban, a taƙaita shi ga marayu da masu buƙata ta musamman, masu unguwanni da dagatai su tantance su gida-gida. A hana makarantar karɓar ko sisi daga iyaye, a biya ta farkon zango, jami'in sa-ido ya riƙa kiran suna ba tare da sanarwa ba don kada a cusa yaran bogi, a kuma liƙa sunayen makarantun da abin da kowacce ta karɓa a ƙofar sakatariya.

Allah ya ja zamaninka.

Iyayen yara, 'yan kwamitin makarantu da tsofaffin malaman gunduma.