Yoyon tankin kifin ruwan gishiri: 'yan uwana masu gyaran famfo, a ajiye sifana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka sammini fili a jaridarmu in yi magana da 'yan uwana masu gyaran famfo, da masu gidan da ke kiran mu aiki. Sana'ata ke nan tun ina yaron shago, yanzu kuma a Abuja nake neman abinci. A 'yan shekarun nan wani sabon aiki ya faɗo hannunmu, wato tankunan gilashi na kifin ado, irin na ruwan gishiri, da ake girkewa a falon manyan gidaje da otal-otal. Sau da yawa wanda ya haɗa tankin daga Legas aka ɗauko shi, ya gama ya koma. Ran da ruwa ya jiƙa kafet, mai gida ba zai jira Legas ba, mu zai kira. Mu kuma sai mu je da kayan aikin banɗaki da dabarun banɗaki, mu yi ɓarnar da ta fi kuɗin aikinmu na shekara.

Ga wanda bai taɓa buɗe kabad ɗin da tankin ke kai ba, tankuna biyu ne. Babban yana sama, shi ake kallo. A wata kusurwarsa akwai magudana, ɗan akwati mai haƙora a baki, inda ruwan sama-sama ke malala ya bi bututu ya sauka ƙaramin tanki na ƙasa. Can ake tace shi, injin tura ruwa ya mayar da shi sama ta wani bututun. Haka yake zagayawa dare da rana. Ruwan kuwa irin na teku ne, gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma abin da ke ciki, kifi da murjani mai rai, daga tekun Indunusiya ko Filifin ko gaɓar Kenya aka kawo su a jirgin sama. Tankin lita 500 ya haura rabin tan, duk nauyin a kan gilashi.

Kafin ka taɓa komai, ka tabbatar yoyon ne. Lokacin hunturu, ga bushewar iska ga na'urar sanyaya ɗaki, tanki yana shan ruwa kamar an huda shi, alhali lafiyarsa ƙalau. Ka tambayi mai kula da kifin me ma'aunin gishiri ke nunawa. In iska ce ta sha ruwan, gishirin yana nan, ma'auni zai hau daga inda ya saba, wajen 1.025. In yoyo ne, ruwan yana fita da gishirinsa, ana cike gurbinsa da marar gishiri, sai ka ga ma'auni yana sauka kullum. Daga nan ka goge dukan bututun ya bushe, ka ɗaure tishu a kowace mahaɗa, ka haska tocila ka jira. Ka fara daga sama, don ɗigo yana bin jikin bututu ya je ya faɗi nesa da inda ya fito. Wannan ruwan ma yana tona asirin kansa: duk inda ya tsiyaya ya bushe, zai bar farin ɓawon gishiri. Wani lokaci ɓawon kan toshe ƙaramin yoyo, mai gida ya ce ai ya daina. Bai daina ba, ran da mai shara ta goge wurin da tsumma zai dawo.

Inda muka fi yin ɓarna shi ne mahaɗin da ke ratsa ƙasan gilashi, wanda bututu ke maƙale da shi. Na roba ne, yana da faffaɗan kai, da zoben roba, da noti. Hannunmu ya saba, in abu na ɗiga a ƙara ɗaurewa. A nan wannan ɗabi'a ce ke kashe tanki. Da hannu ake ɗaure notin, sannan a ƙara kwatan juyi, shi ke nan. In ka sa sifana ka matsa, ko zoben ya tsuke ya fito ta gefe, ko notin ya tsage, ko kuwa ka ji ƙaramar ƙara "ƙas" daga gilashin, wadda ba ta da gyara. Zoben kuma a gefen faffaɗan kan yake zama, ba a gefen noti ba. In ka sa shi ta wajen noti, ruwa zai bi haƙoran ya wuce, kuma juyin notin zai murɗe shi. Maganin wannan yoyo ba shi da wata gajeriyar hanya: a kashe inji, a zuƙe ruwan magudana, a kwance, a wanke gilashin fes. Ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin zobe ta isa ta jiƙa kabad. A sa sabon zobe a bushe, ba gam, ba silikon.

An taɓa kira na wani gida a Maitama bayan wani ya riga ni zuwa. Da na leƙa kabad, sai na tarar an lafta wa mahaɗin silikon ya yi tudu, har da sawun yatsa, ga ruwa yana fitowa ta ƙarƙashinsa abinsa. Katakon kabad ya kumbura, fatar da aka manna masa ta ɗago, hinjin ƙofa ya yi ja da tsatsa. Na sa farce na ɓare silikon ɗin gaba ɗaya ya fito a dunƙule, don ba ya kama robar bututu, gilashi yake kamawa. A kan gilashin ma sabo ba ya kama tsoho, sai an kankare da reza. Abin da ya fi tsorata ni shi ne kwalin da aka bari a gefe: silikon ɗin banɗaki ne, mai maganin fumfuna. Wannan maganin guba ne ga kifi. Da na bi bututun, sai na ga ainihin ciwon ma ba a zoben yake ba. Bututu mai tsawo cike da ruwa an bar shi yana reto, ba mariƙi, nauyinsa duk a wuyan mahaɗin, ga girgizar inji ba dare ba rana. Mariƙi biyu da guntun tiyo mai laushi tsakanin inji da bututu suka gama aikin.

Mahaɗar bututun roba na PVC da aka sa wa gam, in tana yoyo, a yanke a sake. Gam ɗin nan narkar da fuskokin biyu yake yi su zama ɗaya, don haka shafa shi ta waje ɓata gam ne. A yanke daidai, a goge bakin, a shafa, a tura da ɗan juyi, a riƙe rabin minti, a bar shi ya kwana kafin ruwa. A kuma lura da awo. Tankunan da aka shigo da su wasu na milimita ne, wasu na inci. Bututun inci ɗaya faɗinsa ta waje ya kai milimita 33.4, ba zai zauna daidai da mai 32 ba. Haka mai uku bisa huɗu na inci da mai milimita 25. Kafin ka tafi kasuwar Dei-Dei, ka tafi da guntun tsohon a aljihu. Mahaɗa mai haƙori kuwa farin tef ya ishe ta, amma in ka cika naɗawa ka matsa, macen, wato wadda ake ɗaura ɗayar a cikinta, ita ce za ta tsage.

Ƙarfe kam kada ya kusanci ruwan nan. Bawul ɗin tagulla da muke alfahari da shi a gidaje yana sakin jan ƙarfe, kaɗan ɗinsa yana kashe murjani da jatan lande. Ko abin ɗaure tiyo a nemi na roba.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Da yawa daga kiran da ake mana ba yoyo ba ne, ɗauke wuta ne. Da inji ya tsaya, bututun da ke kai ruwa sama sai ya juya ya fara zuƙo shi ƙasa, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo, kuma ba zai daina ba sai bakinsa ya sha iska. Yi lissafi: tanki mai tsawon santimita 150 da faɗin 60, in ruwansa ya sauka santimita 3 kacal, lita 27 ce ta gangaro. In bakin bututun ya nutse santimita 10, lita 90 ke nan. Tankin ƙasa da aka cika taf ina zai kai ta? Sai tayil. Kafin mai gadi ya tada janareto an gama, wuta ta dawo, inji ya kwashe sauran ruwan ya mayar sama, kai kuma ka zo ka tarar da jiƙaƙƙen falo da busasshen bututu, ka yi ta neman yoyon da babu shi.

Masu ƙera waɗannan tankuna a Turai da Amurka ɗauke wuta abin mamaki ne a wurinsu. Mu nan abin yau da gobe ne, don haka gwajin farko a ƙasar nan shi ne ka zare soket da hannunka, ka tsaya ka ga inda ruwan tankin ƙasa zai tsaya. In ya doshi baki, a rage ruwan, a ja layi da alƙalami a jikin gilashi, a gaya wa yaron gida kada ya wuce shi. A ɗago bakin bututun da ke kai ruwa sama kusa da saman ruwa, a huda masa ɗan rami kamar milimita 3 ƙasa kaɗan da fuskar ruwan don ya sha iska da wuri. Ramin yana toshewa da gansakuka, a riƙa zura masa tsinke. Wasu suna dogara da bawul mai hana ruwa komawa. Ni ban yarda da shi ba, ɗan katantanwa ɗaya ya maƙale a ciki ya buɗe ke nan. Sannan a mayar da wuta a ga ko magudana ta kama aiki da kanta. In tankin yana da bututun magudana biyu, na biyun na ko-ta-kwana ne saboda ran da na farko ya toshe. Na ga inda aka rufe shi da murfi wai ba ya aiki.

Su ma masu gida ina da roƙo gare su. Ruwan gishiri yana ɗaukar wuta fiye da na famfo, amma sai ka buɗe kabad ka ga jerin soket a kwance a ƙasa, kusa da tanki. A ɗaga shi sama a kafe, a bar kowace waya ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, don ɗigo ya faɗi a hanya. Kuma in mai gyara ya ce gam zai kwana kafin a kunna inji, kada a matsa masa don ana jiran baƙi da yamma. A sa wa kifin ɗan injin motsa ruwa a babban tankin, za su kai gobe lafiya.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai gyaran famfo, Abuja