A Bar wa Makka Sunanta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan gidan rediyonku, ranka ya daɗe, ina da ɗan ƙorafi a kan shirinku na kasuwanni. A makon jiya wakilinku ya kira kasuwar Maigatari "Makkar masu fataucin dabbobi", kuma can baya na ji an yi wa Dawanau irin wannan kirari saboda hatsi. Na san yabo yake nufi, Maigatari kuwa ta isa a yaba mata. Duk ranar Alhamis shanu da raƙuma da tumaki na kwararowa daga Nijar, manyan motoci su yi lodi su nufi kudu, mu na kusa muna cin arzikinta. Sai dai wannan suna ba nata ba ne.

Salon na Turawa ne. A wurinsu duk inda jama'a ke tururuwa sai a laƙaba masa sunan. A birnin New York akwai zauren wasanni da ake kira Madison Square Garden, suna ce masa makkar ƙwallon kwando, a Ingila kuwa har gidajen caca akwai masu ɗauke da sunan. Galibin masu yin haka ba su taɓa taka garin ba, tunda ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga. Hoton cunkoso suka hango daga nesa, suka ɗauka shi ke nan labarin. Su ana iya yi musu uzuri. Mu da muke fuskantar garin sau biyar kullum, mene ne namu uzurin?

Ba taro ne ya mai da Makka Makka ba. Lokacin da Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya ajiye iyalinsa a can, Alƙur'ani ya kira wurin kwari marar shuka. Duk manomi ya san nauyin wannan magana: ba gero, ba dawa, ba fadama, sai duwatsu da rana, sai rijiyar Zamzam da Allah ya ɓuɓɓugo da ita. A 2020, da annobar korona ta sa aka hana baƙi zuwa aikin hajji, mun ga hotunan filin ɗawafi fayau. Shin darajar Ka'aba ta ragu da ƙwayar zarra? Ko akwai wanda ya juya dardumarsa wani wajen? To a gwada rufe kasuwa wata uku a gani. Dillalan nan za su watse, wasu su koma Wudil ranar Juma'a, wasu Gujungu ranar Lahadi, domin riba suke bi, inda ta koma can za su koma. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce ba a ɗaura sirdi don tafiyar ibada sai zuwa masallatai uku: Masallacin Harami, da na Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a Madina, da na Ƙudus.

Na san wani zai ce ai Makka ma garin kasuwanci ce. Haka ne. Ayarin Ƙuraishawa na lokacin sanyi da na zafi yana nan cikin surar da yaranmu ke haddacewa a makarantar allo, kuma Suratul Baƙara ta ce ba laifi alhaji ya nemi falalar Ubangijinsa a lokacin hajji. Har yau alhazanmu suna dawowa da jaka shaƙe da jallabiya da carbi da dabino. Amma ban taɓa jin wanda ya sayar da gonarsa don ya je sayen jallabiya ba.

Sayar da gona kuwa ana yi, a nan karkara muna gani. Kakanninmu a ƙasa suka riƙa tafiya, ta Borno su ratsa Chadi da Darfur har bakin Bahar Maliya, su haura zuwa Jidda. Mutum ya tsaya a hanya ya yi ƙodago shekara guda ko biyu kafin ya ƙara gaba. Da yawa ba su isa ba, da yawa ba su dawo ba. Zuriyar waɗanda suka yada zango suna nan a Sudan, kuma garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu ya samo suna ne daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya jagoranci jama'a zuwa gabas bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Yanzu jirgi ya gajarta hanya, kuɗi ya tsawaita ta. A 2025 kujera ta haura naira miliyan 8, har Najeriya ta kasa cike kujeru 95,000 da Saudiyya ta ware mata. A ƙauyukanmu akwai tsofaffin mata da suka daɗe suna kiwon awaki da tumaki, duk shekara su ba jika ya kai Maigatari ya sayar, a ƙulle kuɗin don guzurin hajji, duk shekara kuma kujerar ta ƙara yi musu nisa. Irin wannan baiwar Allah na jin shirinku. Yaya za ta ji idan aka ce mata inda ake kai awakinta ma Makka ne?

Ni ba malami ba ne, ba fatawa nake bayarwa ba, ban kuma ce wakilinku ya yi saɓo ba. Bahaushe ma yana ambaton garin a zancen yau da kullum, ya ce haƙorin Makka, ya ce tsarabar Makka, amma duka garin na ainihi yake nufi. Idan yabon kasuwa ake so, bakinmu bai yi talaucin haka ba. A ce matattara, a ce cibiya. Mutanen da suka yi wa Kano kirari da tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka, ba su ari sunan kowa ba.

Roƙona biyu ne. A ja kunnen masu fassara labarai su daina kwaso wannan salo. Sannan, tunda zancen ya taso, ku ware mana fili a shirin ku gayyato jami'an hukumar alhazai su yi bayanin adashin gata, wato shirin tara kuɗin hajji a banki, da aka fara a 2020: nawa ake zubawa, a wane banki, kuma ina makomar kuɗin wanda ya rasu bai je ba. A garinmu babu banki, kuma yawancin masu tara kuɗin hajjin nan a ɗaki suke ajiyewa.

Wassalam.

Mai sauraronku,
wani manomi daga karkarar Gumel, Jihar Jigawa