Kira Ga Kafintoci: A Koma Ga Haɗin Rami Da Harshe

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwana kafintoci kan teburan makaranta da kujerun da ke fara rawa tun ba su shekara ba. Yawanci laifin na haɗin ne: an kara katako da katako an buga ƙusa. Haɗin da ke daɗewa shi ne a fafe rami a ƙafar teburin, a fitar da harshe a jikin katakon gicciye, a shafa gam a cusa. Uzurin da ake bayarwa shi ne fafe rami da kurfi na cin lokaci. To, mai injin rauta (injin da ke fafe katako da baki mai juyawa) irin wanda ake danna shi ya nutse ba shi da wannan uzuri, muddin ya yi masa allon jagora, wato jig.

Allon ba wani abin tsada ba ne. Guntun filawud ne mai kaurin milimita 12, da wani miƙaƙƙen katako da za a ɗaure a ƙarƙashinsa da sukurori ya zama majingina. Sai zoben ƙarfe da ake ɗaurawa a gindin rauta, wanda zai riƙa bin tsagar da aka yi a allon.

A lissafin tsagar nan ne da yawa ke tuntuɓe. A ce ƙafar tebur milimita 50 ce ta kowane gefe, katakon gicciye kuma 30. Kaurin harshe ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku, wato 10, don haka bakin rauta mai milimita 10 ake so. Idan faɗin zoben 16 ne, bambancinsa da bakin 6 ke nan, uku ta kowane gefe. Saboda haka faɗin tsagar ya zama 16 cif, yadda zoben zai zame ba tare da kaɗawa ba, tsawonta kuma tsawon ramin ne a ƙara 6. Mai son rami 60 sai ya tsaga 66. Wanda ya manta da shidan nan zai tarar raminsa ya gaza, harshe ya ƙi shiga. A fara gwadawa a kan guntun da ba a so, kada a taɓa katakon mai kaya sai gwajin ya yi daidai.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi lissafin muhimmanci: a sa wa fuskar waje ta kowace ƙafa alama da fensir, kuma ita kaɗai za ta riƙa jingina da majinginar. Katakon kasuwa ba ya zuwa da kauri ɗaya. Idan aka juya wata ƙafa, raminta zai kauce, tebur ya fito a murɗe, kuma gam ba ya gyara wannan. A matse allon da kilam biyu, wato ƙarafan matse katako, kada a dogara da hannun yaron shago.

Wajen yanka, a fara nutsa bakin a ƙarshen tsagar biyu, sannan a kwashe tsakiya kaɗan-kaɗan, kamar milimita 5 a kowane zagaye, har a kai zurfin 30. Harshen ya tsaya a 28, domin gam ya sami wurin zama. Baki mai murɗe da ke jawo dusa sama ya fi miƙaƙƙe a wannan aiki. In miƙaƙƙen ne a hannu, a riƙa tsayawa ana fitar da dusar, don ita ce ke toshe ramin ta ƙona katako ta kashe kaifin. Ƙonewa kan zo kuma daga dakushin baki, ko jan inji a hankali fiye da kima.

A kula da makamar bakin, wato wurin da ke damƙe gindin bakin a jikin injin. A kasuwa ana samun mai milimita 12 da mai rabin inci, wanda 12.7 ne, haka kuma 6 da kwatan inci, wato 6.35. A ido kamar ɗaya suke. Ƙaramin baki a babbar makama yakan zame ana cikin aiki, ya huda ƙafar teburin ko ya yi tsalle ya ji wa mutum rauni. A cire filogi kafin canja baki, a sa tabarau da takunkumi, musamman kan katakon iroko, wanda ƙurarsa ke sa ƙaiƙayi da tari.

Rauta na barin kusurwoyin rami a zagaye. Ya fi sauƙi a goge gefen harshen da fayil ya bi zagayen, maimakon a tsaya gyara ramin da kurfi. Harshe mai kyau da hannu yake shiga, da ɗan bugu kaɗan. In sai da guduma, zai tsaga ƙafar.

Sannan katakon ya zama busasshe. Ɗanyen da aka haɗa da damina zai motse da hunturu, harshen ya saki komai kyan ramin.

Naku,
Wani kafinta mai karanta jaridarku,
Zariya.