Koken mazauna unguwa kan injin niƙan da ya yi bindiga a layinmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi, ta hannun Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara wa Mai Martaba Sarkin Zazzau lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka ne mazauna Tudun Wada, kuma wallahi ba don abin ya kai mu maƙura ba da ba mu dame ka da takarda ba.

Ranka ya daɗe, ranar Talatar nan bayan la'asar muka ji ƙara daga wajen niƙan masara da haɗa abincin kajin da ke layinmu, kwanon rufin ya ɗaga, wuta ta bi ta sama. Yaron da ke zuba masara a inji ya ƙone fuska da hannuwa, yanzu haka yana kwance a asibiti, uwarsa ko kuɗin magani sai da aka yi mata karo-karo a masallaci. Bangon wajen nan manne yake da islamiyya, yara na ciki suna karatu a lokacin! Amma washegari da safe aka sake tada inji, wai ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara ranka ya daɗe, amma boris ɗin da ya daɗe yana kuka yana zafi ba a canza ba fa?

Mutane na ganin gari ai abinci ne, ina ruwansa da wuta. To in ƙurarsa ta tashi ta cika rufaffen ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. Kuma fashewar farko ita ke girgizo ƙurar da ta kwanta a kan katakon rufi da wayoyi, ta biyun ce ke kashe mutane. Masana sun ce ko kaurin ƙurar bai kai milimita 1 ba in ta shimfiɗu da faɗi haɗari ce, nan kuwa yatsa nutsewa yake yi a cikinta, ga hunturu komai ya bushe ƙayau. A 2008 ƙurar sukari ce kawai ta tarwatsa wata masana'anta a jihar Jojiya ta Amurka, mutum 14 suka mutu.

Mun yi magana, dattawa sun je, liman ya je, an kai ƙorafi ofis an ce za a zo, shiru kake ji.

Ba mu ce a hana bawan Allah neman halal ɗinsa ba, matanmu ma can suke kai niƙa. Roƙonmu a dakatar da injin har 'yan kwana-kwana su zo su duba. A riƙa share ƙurar kullum har saman rufi, a daina hure ta da iska don tada ta ake yi. A gyara wayoyin nan da ke tsirara, a hana walda da shan sigari a ciki, a fitar da janareta waje, a buɗe ƙofa ta biyu da tagogi, a ajiye abin kashe gobara. A ɗauki nauyin jinyar yaron nan. Sauran injinan niƙa da na yanka katako na yankin ma a leƙa su. Kuma don Allah ranka ya daɗe a dakatar da injin tukuna, yanzu da muke wannan rubutu ƙararsa muke ji, yara kuma gobe Asabar za su koma islamiyya.

Allah ya ƙara girma.

Mazauna layin, maza da mata.