Gilashin Taga Mai Samar Da Lantarki: A Tambayi Zafin Da Yake Tarewa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu dama mu ja hankalin 'yan uwa masu gini a Legas. Tun da kuɗin wutar Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawan awanni, ya kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, dillalai ke tallar gilashin taga mai samar da lantarki daga hasken rana. Kowa tambayarsa wat nawa yake bayarwa, alhali babbar ribarsa a nan ita ce tare zafi.

Ga lissafin. In waje digiri 32 ne, ɗaki 24, gilashi mai falle ɗaya zai ratso da zafin kusan wat 46 a kowane murabba'in mita. Amma ranar la'asar a tagar yamma takan kai wat 500, kuma farin gilashi na barin fiye da kashi 80 cikin ɗari ya shige. Wannan ne ke wahalar da na'urar sanyaya ɗaki. Gilashin sola kan rage kason zuwa ƙasa da rabi.

Sai dai akwai tarko. Ƙwayoyin solar da ke cikinsa baƙaƙe ne, suna shan zafi har digiri 60. In falle ɗaya aka sa, taɓa shi da ƙarfe uku na yamma ka ji: murhu ne a ɗakinka. Lantarkin ma raguwa yake, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri sama da 25 ga nau'in silikon da aka saba.

Don haka a nemi mai falle biyu: falle mai sola a waje, tazarar milimita 12 zuwa 16 cike da iskar agon, wani gas da ke rage ratsawar zafi, sannan fallen ciki mai siririn shafen azurfa da ke mayar da zafi waje. Firam ɗin alminiyum kuwa lallai ya zama mai roba a tsakiya, in ba haka ba ta nan zafin zai zagayo.

Masu gini a Lekki da Victoria Island su kula da liƙin gefe. Laima da iskar gishiri na cinye shi, agon ya tsere, gilashi ya yi hazo daga ciki, kuma ba ya gyaruwa sai an sauya. A bar ramukan zubar ruwa na firam a buɗe. Da yawa masu aiki kan toshe su da gam.

Legas na kusa da ikweta, layin da ya raba duniya arewa da kudu, rana a kai take wucewa. In lantarki kawai ake so, rufin gida ya fi bango nesa ba kusa ba.

Daga masu aikin gilashi da lantarki,
Agege, Legas